Jiran Jaka Ta Kamo Jika

Ku samarin da kuka kafa lemomi kewaye da ni a bakin kasuwar Haɗeja, kowa da na'urar cirar kuɗi a cinya, ina jin abin da kuke faɗa idan na juya baya. Wai Baba Sale ba shi da aiki sai zaman tabarma, ya karɓi wannan takarda ya miƙa waccan, ya soke ribarsa a aljihu. Wai farashin sefa yana cikin waya, ko yaron goye ya latsa zai gani. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauki canji kafin in shige shi, kuma a lokacin na fi ku baki. Amma tunda ɗayanku ya ce in koya masa sana'ar nan cikin mako guda, bari in ba shi amsa a tsanake, sauran ma ku ji.

Cinikin farko da na yi da hannuna a kasuwar Maigatari ne, wata Alhamis da maigidana Alhaji Modu ya tafi salla ya bar ni da akwati. Wata dattijuwa mai sayar da kanwa, mutuniyar Nijar, ta tsuguna ta kwance bakin zane, ta ce in ba ta sefa ɗari biyu. Na ƙirgo mata silalla na ɗari biyu cif, ina jin kaina wani ƙasaitaccen ɗan canji. Ta dubi tafin hannunta, ta dube ni, ta ce, "Yaro, wannan ai dala arba'in ne. Yaushe aka yaye ka?" Masu rumfunan kusa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Da Alhaji ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba. Ya zaunar da ni ya ce mutanen ƙetare ba sa ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala suke lissafi, dala guda kuwa sefa biyar ce. In mutuminsu ya ce ɗari, abin da ke rubuce a jikin kuɗin ɗari biyar ne. In ya ce ɗari biyu, dubu kenan, ita suke kira jika. Mu kuma a nan, tun zamanin fam, in an ce jaka naira ɗari biyu ake nufi.

"Jika tasu ce, jaka tamu," in ji shi. "Wasali ɗaya ya raba su. Ka riƙa buɗe kunnenka kafin ka buɗe mini akwati."

Alhaji Modu Babarbare ne, kakanninsa daga bakin tafkin Cadi suka taso suka zauna a Haɗeja. Yawancin shekarun da na yi a ƙarƙashinsa ban taɓa yanke farashi da bakina ba. Aikina ɗaukar akwatin ƙarfe, shimfiɗa tabarma, jiƙa ɗan soson da ake dangwala yatsa a kai, ware takardun da suka tsufa, da ɗaure ƙunshi da roba. Ya koya mini sanin takarda da yatsa ba tare da na dube ta ba. Jabu santsi gare ta irin na takardar makaranta, ta gaskiya tana da ɗan kaushi. Kuɗin masu bandar kifi hancinka ne zai fara gaya maka sun iso, sai an baza su sun sha iska kafin makiyayi ya yarda ya sa su a aljihu. Kalkuleta daga baya ta zo, shi kuwa har ya rasu bai amince da ita ba. Sai ya gama lissafinsa a ka, sannan ya ce in latsa mu ga ko ta iya.

Abin da ya fi naci a kai shi ne in daina ƙura wa kuɗi ido, in kalli abin da ke wucewa a titi. Da kaka, idan motocin gero da masara suka miƙa arewa, fataken Nijar naira suke nema su sayi hatsi, sai ta ɗan yi ƙarfi. Layya na matsowa, raguna da shanu suka fara gangarowa kudu, masu su ba sa son komawa gida da naira, sai kowa ya bi sefa ta yi tsada. Haka fetur, duk jarkar da ta tsallaka iyaka da naira aka saye ta. Ƙarƙashin wannan duka kuma akwai babban bambanci. Sefa an ɗaure ta da kuɗin Turawa kamar akuya a turke, tana zagayawa amma ba ta nisa. Naira sakakkiya ce, tana bin kuɗin ɗanyen mai da abin da manya suka yanke a Abuja, ga shi kusan komai daga waje muke sayowa. Ribar ɗan canji 'yar ratar da ke tsakanin saye da sayarwa ce, ba ta da yawa. Asararsa kuwa ita ce ya kwana da kuɗin da bai kamata ya kwana da su ba, kuma wannan babu wayar da za ta gaya maka.

Muna yara naira ce sarauniya. Mutum ya shiga kasuwar Damagaram da ita, tashi ake yi a ba shi wurin zama. Daga nan ta fara gangara a hankali, har aka zo wasu 'yan shekaru da jaka da jika suka yi kunnen doki. Ka ba ni takardar naira ɗari biyu, in ba ka takardar sefa dubu, bambancin bai wuce kuɗin goro ba. Kowa ya ji daɗin shekarun nan, don lissafi ya zo da sauƙi, ko tsohuwa ba ta tsoron a cuce ta.

A cikinsu ne, bayan na sami tabarmar kaina a nan Haɗeja, Issa ya fara tsugunawa gabana. Dogo ne siriri, mutumin wani ƙauye bayan Gure a ƙasar Nijar, ya zo ci-rani. Fari ya cinye musu shanu kaf, ya baro matarsa da ƙaramin ɗa a hannun yayansa, ya sami aiki a fadamar wani Malam Haruna wajen Baturiya. Ban-ruwan tattasai, yankan shinkafa, korar tsuntsu, duk abin da aka sa shi yi yake. Ranar farko ya zube kuɗin aikinsa a tabarma, manya da ƙanana, ya ce ba sefa yake so ba.

Na ce, "To me ya kawo ka wurin mai canji, Badamagare? Ko inuwa ka zo sha?"

Ya yi murmushi ya ce, "Takardun jaka nake so, Malam Sale. Ka mayar mini da su duka 'yan ɗari bibbiyu."

Na tambaye shi dalili.

"Don kar lissahi ya ruɗe mini. Kowace takarda jika guda ce a gida. In na tara dubu biyu, shanu goma kenan da yardar Allah. Ranar zan zo ka juye mini su sefa gaba ɗaya, in sayi garke in kora shi in shiga gari da rana tsaka, kowa na gani. Daga nan na bar ci-rani, ɗana ma ba zai san shi ba."

Dabarar ta burge ni, don a lokacin babu kuskure a cikinta. Ko sisi ba na samu a wannan aikin, amma sai na riƙa ware masa sababbin takardun jaka in ajiye a gefen akwati, duk ranar kasuwar da ya shigo gari ya karɓa. Yana zuba su a wasu manyan gwangwanaye, ya ɓoye a rumbun maigidansa. Shekarun farko yakan je gida da damina, amma da kaya yake tafiya, gero da atamfa da sabulu, don sun fi araha a nan. Saboda haka ban da kuɗin mota ba ya canza komai.

Da naira ta ci gaba da zamewa, na tare shi na ce, "Malam Issa, jika ta fara barin jaka a baya. Kawo abin da ka tara in canza maka, ka riƙa ajiye sefa." Ya kawo kaɗan daga ciki don gwaji. Abin takaici, ana dab da kaka ne. Motocin hatsi suka miƙa arewa, naira ta ɗan ɗago kamar yadda ta saba kowace shekara, wani ɗan garinsu kuma ya zauna ya lissafa masa cewa da ya jira da ya sami ƙarin kuɗin ɗan akuya. Na yi masa bayani cewa wannan ɗagowa ta 'yan makonni ce, kamar ruwan da ke kwanciya a kwari bayan an ɗauke sama, gangaren kuwa na shekaru ne. Bai musa mini ba, Issa ba ya musu. Amma daga ranar bai sake kawo ko takarda ɗaya a mayar da ita sefa ba. Ya shigo, mu gaisa, ya karɓi jakunkunansa, ya tambaya, "Naira ta dawo?" In ce ba ta dawo ba. Ya ce, "Tana tahe."

Wata rana na matsa masa sosai, har na ɗan ɗaga murya. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam Sale, kai ne masani, amma ka dubi wannan. Mai naku ne. Hatsin da muke ci naku ne. Wutar da ke kamawa a biranenmu daga wurinku take zuwa. Mu ke zuwa ci-rani ƙasarku, ban taɓa ganin Bahaɗeje yana yankan gero a garinmu ba. Ta yaya kuɗinku za su zauna ƙarƙashin namu? Ciwo ne ya kama ta, za ta tashi."

Ni ma a can cikin raina abin da nake fata kenan. Ɗan canji ya san kuɗi ba sa bin girman ƙasa, amma ɗan ƙasa ba ya son ya sani. Na ce masa dai ya raba ƙafa, rabi nan rabi can. Ya ce zai yi tunani.

Shekaru suka yi ta tafiya. Jika ta zama jaka biyu, ta zama uku, Issa yana ta zuba takardu a gwangwani yana kiran kowacce jika. Ba wauta ba ce, ya san farashin ranar sarai, don ni nake gaya masa. Shi dai ya ɗauka abin da ya gani da idonsa shi ne asalin farashi, sauran duk wucewa za su yi. Sannu a hankali ya daina zuwa gida da damina. Ya ce aikin fadama ya zama na shekara duka, shinkafar rani da ta damina, kuma gaskiya ne. Amma ya taɓa gaya mini cewa duk zuwan da ya yi, tun kafin ya ajiye kaya ake tambayarsa ina shanun, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Sai ya koma aika hatsi da tufafi ta hannun direbobi. Furfura ta fito masa a fadama, ni ma tawa ta fito a kan tabarmar nan.

Muguwar shekarar kuwa kuna nan kuka gan ta, sai dai ku ta gefen riba kuka ganta, lokacin da mutane ke layi a gabanku suna sayen naira da naira. An sauya launin takardu, tsabar kuɗi ta ɓace, aka ce tsofaffin takardu za su mutu. Mutane suka yi ta zubar da nasu a kan asara. Na aika wa Issa ya fito da nasa tun da wuri, ya ce shi ba ya gaggawa. Da aka dawo aka ce tsofaffin suna nan da ransu, ya zo yana dariya ya ce, "Ka gani? Haƙuri dai." Ranar na so a ce bai ci wannan nasara ba, don ita ta ƙara ɗaure shi.

Bayan haka aka cire tallafin mai, jarkoki suka daina tsallakawa, masu neman naira a ƙetare suka ragu. Aka rufe iyaka, fatake suka koma bin daji, kaɗan ke isowa. Naira kuwa ta daina gangara, ta koma faɗuwa. Ka sayar da sefa da hantsi kana murnar riba, kafin la'asar kuɗin da ka karɓa ba za su sayo maka ita ba. Akwatina ya fi kowane lokaci cika, jarina kuma bai taɓa ƙanƙancewa kamar lokacin ba. Cikin waɗanda muka taso tare a sana'ar, wani ya koma sayar da ƙanƙara, wani ya hau babur da furfurarsa, wani ya kwanta ciwo bai tashi ba. Jika guda ta haura jaka goma. Da damina ta zo kogin Haɗeja ya cika, ciyawar kacalla ta toshe masa hanya, ya fasa ya kwanta a kan shinkafar Malam Haruna da ta maƙwabtansa. Aikin fadama ya tsaya cak.

A tsakiyar wannan ne saƙo ya zo wa Issa daga gida. Yayansa ya rasu. Ɗansa Abdu, wanda ya bari yana rarrafe, ya zama mutum, za a ɗaura masa aure bayan kaka. Matarsa ta ce a gaya masa ya dawo ko da sandarsa kaɗai, gida babu babba.

Ya iso wurina da hantsi ranar kasuwa, cikin wankakkiyar riga da sabon rawani, buhu a kansa. Ya sauke, ya ce, "Malam Sale, ranar ta zo. Sun cika dubu biyu har da ɗoriya." Ya zazzage gwangwanayen a tabarma. Takardun suna warin rumbu, wasu tun sababbin da na ware masa ne ina da ƙarfina, ko lanƙwasa babu. Na jiƙa yatsa na ƙirga, na ɗaure da roba, suka yi tudu a gabana har masu wucewa suna waiwaye. Na yi lissafi a ka, na maimaita a kalkuleta, na sake yi a ka. Na cire ribata gaba ɗaya, na ba shi farashin da ni kaina na sayo. Sannan na buɗe akwati na ƙirgo takardun sefa na jika goma-goma. Ba su kai ashirin ba. Na miƙa masa da hannu biyu.

Ya riƙe su, ya juya, ya ɗaga kai yana jiran in ci gaba.

"Saura fa?"

"Shi kenan, Malam Issa."

Ya san farashin, na gaya muku, amma sanin farashi daban, ganin abin a tafin hannu daban. Can ya ce, "Shanu nawa kenan?"

Na ce, "Karsana guda, in ka iya ciniki. Wataƙila da 'yar akuya."

Ya ninke takardun sau ɗaya, suka shige aljihun gaban rigarsa ko tudu ba su yi ba. Ya yi mini godiya, ya nemi in yafe masa, na nemi ya yafe mini. Ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha, ya bar mini buhun da gwangwanayen, ya ce ba su da sauran amfani. Ban taɓa jin baƙin cikin ciniki irin na ranar ba, kuma ban cuci kowa ba. Na rasa ƙarfin da zan kwashe tudun nan in zuba a akwati, sai na rufe shi da darduma na zauna.

Ana kiran azahar na ga inuwa a kaina. Issa ne.

"Malam Sale, ka sayar da takarduna?"

Na ce suna nan.

"To mayar mini da su."

Na ce ya zauna. Na gaya masa ko daga safe zuwa yanzu sefar da ke aljihunsa ta ƙara daraja, gobe ma za ta ƙara, tudun nan kuwa narkewa yake yi muna kallo. Na ce, "Don Allah ka tafi gida. Yaron nan uba yake nema, ba garke ba. Matarka ta ce ko da sanda kaɗai."

Ya ce, "Ita ta ce. Gari bai ce ba." Ya ɗan nisa. "Na zauna a mota har ta kusa cika. Na dafa ƙirjina in ji kuɗin, ban ji komai ba. Na bar yaro yana rarrahe, Malam Sale. In ya tambaye ni me na tsaya yi duk shekarun nan, wannan zan ciro in nuna masa? Buhun nan ko ba komai yana da nauyi. Zan ƙara jira kaɗan."

Na kira limamin rumfarmu ya yi masa nasiha, na kira wani dattijo ɗan ƙasarsu mai sayar da dabino ya sa baki. Ya saurare su duka da ladabi, kansa a ƙasa, hannunsa a miƙe da takardun sefa. Kuɗinsa ne, ba ni da ikon riƙe su. Na yaye darduma. Ya zare takarda biyu daga cikin sefar, ya ce in ba direban da ke bi ta wajen Gure ya kai wa Abdu gudummawar biki, in cire kwatankwacinsu daga tudun. Sauran ya mayar gwangwani ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure bakin buhu, na taya shi ɗorawa a ka.

Na bi shi da kallo har ya wuce motar da ya sauka daga cikinta, yaran mota suna kiransa bai waiwaya ba, ya tsaya inda masu baburan Baturiya ke jiran fasinja. Direban ya kai saƙon, ya dawo ya gaya mini an ɗaura auren Abdu bayan kaka. Wani maƙwabcinsu ne ya karɓar masa auren.